Yadda Yahudawan tsibirin Jarba ke karantar da 'ya'yansu a majami'a

Ummu Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da tarihi a sakandare, a makon nan muka iso darasin addinan Gabas ta Tsakiya. Wata ɗaliba ta tambaye ni wai su Yahudawa suna da irin Islamiyyarmu ne, ko a ina yaransu ke koyon addini? Kuma me ake yi a majami'arsu bayan ibada? So nake in ba ta amsa mai tushe, ba ji-ta-ji-ta ba. Akwai wanda ya taɓa gani da idonsa?

Sadiku daga Safakis: Wa alaikumus salam, Malama. Ni na gani, kuma a nan Afirka. Ina karatu a Tunisiya, nakan je tsibirin Jarba da ke kudancin ƙasar. A can akwai Yahudawa kimanin dubu ɗaya, mafi yawansu a unguwa guda da ake kira Hara Kabira, gab da garin Humt Suk. Larabci suke yi a gida da kasuwa, in ba ka lura da 'yar hular da ke tsakar kan mutum ba, sai ku gama ciniki ka tafi ba ka san Bayahude ba ne. Sana'ar da aka fi sanin mazansu da ita ita ce ƙirar zinariya da azurfa.

Wannan 'yar unguwa majami'u fiye da goma ne a cikinta, kuma ba na addu'a ba ne kawai. Nan ake karatu, nan ake shawara, nan ake sanar da haihuwa da rasuwa. Yaro namiji tun yana ɗan shekara huɗu ko biyar ake kai shi wurin malami. Zai fara da baƙaƙen Ibrananci 22, sai ɗige-ɗigen wasulla, sai littafin addu'o'i, sai Attaura aya bayan aya da irin rerawar da suka gada. In ya karanta aya da Ibrananci sai ya fassara ta da Larabcinsu na gida. In ya tasa sai ya shiga Mishna, wato tarin hukunce-hukuncen da aka harhaɗa wajen shekara ta 200 Miladiyya, daga nan sai Talmud, wanda shi ne sharhi da mahawarar malamai a kan Mishna. Babban Talmud ɗin a Iraƙi aka tattara shi, a makarantun Sura da Pumbedita, wajen shekara ta 500.

Malam Habu Zariya: Wato dai babbaƙu, farfaru, hajjatu, sannan a je ga littattafan fiƙihu a zaure. Sadiku, har rangajin nan na masu tilawa suna yi?

Sadiku daga Safakis: Sosai ma, Malam. Da ƙarfi suke karatu, kowa na rangaji gaba da baya. Amma in aka kai matakin Talmud salon yakan canza. Ɗalibai biyu-biyu ake haɗawa, su zauna fuska da fuska a kan shafi ɗaya, wannan ya kawo hujja wancan ya warware, har murya ta ɗaga. Wanda bai sani ba sai ya zaci rigima ake. Shi kansa shafin haka aka tsara shi: matani a tsakiya, sharhin malamai na zamani daban-daban kewaye da shi. Ɗalibin da ya iya kawo tambaya mai wuya ya fi daraja a idon malami a kan wanda ya haddace ya yi shiru.

Ɗan Damagaram: Ku yi haƙuri, ni kam wannan zance bai kwanta mini ba. Kowa ya ga abin da aka yi wa Gaza, an rushe makarantu da jami'o'i da masallatai, an kashe yara ba adadi. A irin wannan lokaci ne za mu zauna muna yabon yadda suke tarbiyyar 'ya'yansu? Yaran Falasɗinu ina makarantarsu?

Ummu Hanifa: Ɗan'uwa, ni ma zuciyata na ciwo a kan Gaza, kuma darasin Falasɗinu ina koyar da shi ba tare da ɓoye komai ba. Amma yarinya ta yi tambaya, haƙƙinta ne a ba ta gaskiya. In na ce mata ban yarda ki san wannan ba, waya na hannunta, za ta je ta samo a wurin wanda ban san me zai haɗa mata da shi ba.

Alaramma na Tudun Wada: Ɗana na Damagaram, kishinka yana kan hanya, Allah ya kawo wa mutanen Falasɗinu ɗauki. Sai dai sanin mutum daban, jiɓintarsa daban. Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa koya cikin kusan rabin wata, ya zama shi ke karanta wasiƙunsu yana rubuta amsa. A Madina suna da gidan karatunsu, Baitul Midras, kuma ya tabbata a Bukhari cewa Annabi ya je can ya yi musu magana. Abu Huraira ya ce suna karanta Attaura da Ibrananci suna fassara ta da Larabci ga Musulmi, aka ce kada a gaskata su kada a ƙaryata su. Ka ga abin da Sadiku ya gani a Jarba, wato a karanta da Ibrananci a fassara da Larabci, tun zamanin sahabbai ake yin sa. Sannan ka duba Suratul Mumtahana aya ta 8, inda Allah bai hana kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba kuma ba su fitar da mu daga gidajenmu ba. Maƙerin azurfa a tsibirin Tunisiya, wanda kakanninsa ke nan tun ɗaruruwan shekaru, ba shi ya ɗauki jirgin yaƙi ba.

Ɗan Damagaram: Allah ya gafarta Malam, na ji hujjojinku kuma ba ni da bakin musu da su. Amma da yawansu suna da dangi a Isra'ila, zuciyarsu na can.

Sadiku daga Safakis: Wannan gaskiya ne, Yaya, ba zan ɓoye ba. Da wuya ka sami gida a Hara Kabira da ba shi da dangi a Isra'ila ko Faransa. A 1948 Yahudawan Tunisiya sun kai kimanin dubu ɗari, yanzu ba su wuce dubu ɗaya da ɗari biyar ba. Waɗannan da muke magana a kansu su ne suka zaɓi zama, 'yan ƙasa ne masu katin zaɓe. Wani Bayahude haifaffen Jarba, Rene Tarabulsi, ya riƙe ministan yawon buɗe ido daga 2018 zuwa 2020. Abin da ke zuciyar kowane mutum Allah ne ya sani.

Malam Habu Zariya: Tunda an zo nan, bari in kawo abin da ya shafe mu kai tsaye, don kada a ce mun tsallake tarihinmu. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasihar mulki, kafin ya iso nan a Tuwat yake, cikin hamadar Aljeriya ta yau. A can ya yi fatawar rushe majami'ar Yahudawan Tamantit, aka kuwa rushe ta wajen 1492. Daga nan ya bi ta Ayar ya zo Kano da Katsina, ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu. To Alaramma, malamin da muke girmamawa ke nan, ga kuma matsayarsa.

Alaramma na Tudun Wada: Haka ne, Malam Habu, kuma a ƙarasa labarin. Alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi Al'asnuni, bai yarda da shi ba. Aka aika tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, wasu suka goyi bayan Almagili, wasu suka goyi bayan alƙali. Saɓani ne na fiƙihu a kan hukuncin wuraren ibadar ahlul zimma a garin Musulmi, dukkansu kuma Malikawa ne. Mun karɓi alherin Almagili a Kano, wannan bai sa kowace fatawarsa ta zama ijma'i ba. Ni nawa ra'ayin yana tare da alƙali. Suratul Hajji aya ta 40 ta jero wuraren ibadar Nasara da na Yahudawa tare da masallatai a cikin abin da Allah ke karewa daga rushewa.

Baba Ishaya Wusasa: Salama gare ku duka. Ni Kirista ne, kuma majami'a ba baƙuwar kalma ba ce a kunnenmu. A Bisharar Luka sura ta 4, Yesu ya shiga majami'ar Nazarat ran Asabar kamar yadda ya saba, aka miƙa masa littafin Annabi Ishaya, ya buɗe ya karanta a tsaye, ya naɗe ya mayar wa mai hidima, sannan ya zauna ya yi koyarwa. Ɗana Sadiku, har yanzu haka suke yi, a kira mutum daga cikin jama'a ya karanta?

Sadiku daga Safakis: Har yanzu, Baba. Kuma a nan ne za a ga amfanin karatun yaran. An raba littattafai biyar na Attaura kashi 54, ana karanta kashi ɗaya ko biyu kowace Asabar har a sauke a shekara, ranar sauka kuma a sake farawa daga farko nan take. Litinin da Alhamis ma ana karanta ɗan yanki. Ran Asabar mutum bakwai ake kira ɗaya bayan ɗaya, bayan su sai a karanta wani yanki daga littattafan annabawa, irin wanda kuka ambata. Littafin da ake karantawa ba na ɗab'i ba ne, naɗaɗɗiyar fata ce da marubuci na musamman ya rubuta da hannu da tawada, yakan ɗauki kusan shekara. Ba wasali ko ɗaya a ciki, ba alamar tsayawa, don haka wanda bai riƙe karatun a ka ba ba zai iya ba. In mai karatu ya yi kuskure jama'a ke gyara masa da ƙarfi daga inda suke zaune. Ba a taɓa rubutun da yatsa, akwai ɗan sandan azurfa mai siffar hannu da ake bin layi da shi.

In yaro ya cika shekara 13 ana ɗaukarsa baligi a addini. Zai ɗaura wasu 'yan akwatunan fata masu ɗauke da ayoyi a goshi da damtse lokacin addu'ar safe, a kira shi ya karanta a gaban jama'a, kuma daga ranar ana lissafa shi cikin mutum goma. Wannan maganar mutum goma ita ce ginshiƙin komai, Malama ki riƙe ta da kyau. Akwai addu'o'in da ba a yin su sai maza baligai goma sun hallara: fito da Attaura, da addu'ar da ɗa ke yi bayan rasuwar mahaifinsa. Sau uku suke addu'a a yini, safe da la'asar da dare, suna fuskantar Ƙudus. To a ƙaramar al'umma, in mutum tara suka taru, dole a fita neman na goma. Yaron da aka koya wa karatu yau shi ne zai cike goman gobe. Shi ya sa ba wanda ke kallon karatun ɗan maƙwabci a matsayin abin da bai shafe shi ba.

Ranar Juma'a da yamma kuma ana busa ƙahon rago a unguwar don a rufe shaguna. Daga faɗuwar rana har fitowar taurari ran Asabar ba kunna wuta, ba girki, ba ciniki, ba hawa mota ko babur. Tukwanen abincin Asabar tun Juma'a ake kai su gidan burodin unguwa, su kwana a tanda, a ɗauko washegari. Tunda ba a hawa abin hawa, dole gidanka ya kasance inda ƙafa za ta kai ka majami'a. Dokar Asabar ce ta tattara su wuri ɗaya, zama wuri ɗayan kuma shi ya riƙe makarantar.

Ummu Hanifa: Allah ya saka da alheri, ƙanena, na samu fiye da abin da na nema. Amma tun ɗazu "yaro", "maza goma" nake ji. Mace ce ta yi mini tambayar. 'Yan matan fa?

Sadiku daga Safakis: A nan kam an bar su a baya na tsawon lokaci. A al'adar Jarba ta da, yarinya a gida take koyon addini wurin uwarta: dokokin abinci, raba nama da madara har da tukwanensu da cokulansu, kunna fitilar Asabar, tsarki. Ba a lissafa mace cikin goman, ba ta karanta Attaura a gaban jama'a. Sai a tsakiyar ƙarni na 20 aka fara koya wa 'yan mata karatun Ibrananci a aji, yanzu kuma suna da makarantarsu a unguwar. Wannan tsarin masu riƙo da gargajiya ne. A Amurka akwai ɓangaren masu sassauci da suka naɗa mace malamar majami'a tun 1972, amma mutanen Jarba ba sa bin wannan hanya ko kusa.

Hajiya Maman Sauda: To a nan ni ban ga abin sha'awa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu a 1864, ta bar jajis suna bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata da waƙoƙin Hausa da Fulatanci. Ki gaya wa ɗalibarki wannan ma, Malama, don kada ta ɗauka komai na wasu ya fi namu. Uwar da ba ta iya karatu ba, ko da ta iya dokokin tukunya, rabin gidan a duhu yake.

Malam Habu Zariya: Hajiya kin yi gaskiya. Sadiku, boko fa? Yaran nan Talmud kaɗai suke sani?

Sadiku daga Safakis: Wannan tsohuwar rigima ce a wurinsu, Malam, kuma za ta yi muku kama da wata da kuka sani. Akwai ƙungiyar Yahudawan Faransa da aka kafa a birnin Paris a 1860, ana kiranta Aliyans, wadda ta buɗe makarantun zamani da Faransanci a Maroko da Tunis da Bagadaza da sauran wurare. Da ta nemi buɗewa a Jarba a farkon ƙarni na 20, malaman tsibirin suka ƙi ƙememe, suka ce za ta raba yaransu da Attaura. A maimakon haka suka ƙarfafa nasu. Wani malami, Dawud Aidan, ya kafa maɗaba'ar Ibrananci a tsibirin a 1903, suka dinga buga littattafan malamansu. Babban malaminsu Musa Kalfon Hakohen, wanda ya rasu a 1950, ya rubuta al'adun Jarba dalla-dalla don kada su ɓace. Yau wasu iyayen suna raba wa yaro yini, wani ɓangare a makarantar gwamnati tare da yaran Musulmi, sauran a makarantar addini. Da yawa kuma suna barin aji da wuri su shiga shagon uba.

Malam Habu Zariya: To ga abin dubawa. Waɗanda suka rungumi makarantar Faransa a Tunis sun zama likitoci da lauyoyi, harshensu ya koma Faransanci, da iska ta kaɗa suka tattara suka tafi. Waɗanda suka ƙi su ne har yau ake jin muryar yaransu a unguwar kakanninsu. Ni a ganina malaman Jarba sun hango nesa.

Hajiya Maman Sauda: Malam, kada mu yi saurin yanke wannan. Ai daga Jarbar ma dubbai sun tafi. Kuma wanda ya zauna ya biya farashi: yaro mai ƙwaƙwalwar da zai iya zama likita ya ƙare a bakin wutar ƙira saboda ba a buɗe masa wata ƙofa ba. Mu da muka ga abin da ƙyamar boko ta jawo mana a Arewa bai kamata mu yi wa wannan tafi ba. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne, kuma ba wanda ya taɓo shi. Sadiku, yaran nan a ina suke kwana, wa ke ciyar da su?

Sadiku daga Safakis: A gidan iyayensu, Hajiya. Makarantar taku kaɗan ce daga ƙofar gida. Ban ga yaro ko ɗaya da kwano yana yawo ba. Kuɗin malami da gyaran gini daga aljihun jama'a yake fitowa. Suna da wata hanya ma ta tara kuɗi: a ranakun idi ana yin gwanjon alfarmar buɗe ma'ajiyar Attaura ko ta hawa karatu, mai hali ya yi alkawarin kuɗi mai yawa, a biya bayan idi, kuɗin ya shiga asusun majami'a da na mabuƙata. Kuma abin yana da asali a littattafansu. Talmud ya ambaci wani babban limaminsu na ƙarni na farko, Yoshuwa ɗan Gamla, wanda ya kafa doka cewa kowane gari ya ajiye malamin yara, a kawo su suna da shekara shida ko bakwai. Dalilin da aka bayar shi ne, da can mai uba ne kaɗai ke samun karatu, maraya ya tashi a banza, kuma tura yara nesa bai yi amfani ba. A wurin dai aka ce malami ɗaya yara 25, in sun kai 40 a ba shi mataimaki, in sun kai 50 a ɗauki malami na biyu.

Hajiya Maman Sauda: To kun ji. Abin da nake ta faɗa ke nan a unguwarmu har an gaji da ni. Malami a kawo shi garin yaro, ba a ɗauki ɗan shekara shida a loda a mota a kai shi garin da bai san kowa ba. Jiya da daddare yaro ya tsaya a ƙofata, ƙafarsa duk faso, ko sunan ƙauyensu bai iya faɗa daidai ba. Wallahi ba Alƙur'ani ne ya ce a yi masa haka ba.

Alaramma na Tudun Wada: Hajiya, ni ɗan tsangaya ne, a can na yi sauka na yi hadda, kuma ba zan kare bara ba. Amma a yi mana adalci. Kwatanta unguwar mutum dubu masu sana'ar zinariya da ƙasar da ke da miliyoyin yara da talaucin ƙauye ba daidai ba ne. Tsangaya ta da tana da gona, tana da gari da ke ciyar da ita, sarakuna na ba malamai daga zakka da baitulmali. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903 aka karkatar da dukiyar hukuma zuwa wani tsarin, aka bar alaramma da yara da Allah. Tafiya neman ilimi kuma ba aibi ba ce, magabata sun yi ta. Inda na yarda da ke shi ne shekaru. Gardi ya yi tafiya, kolo ya zauna gaban uwarsa.

Hajiya Maman Sauda: Allah ya gafarta Malam, na karɓi maganar gardi da kolo hannu biyu. Amma ta Turawa ta wuce shekara ɗari da ashirin. Masallatai nawa ne a layinku? A namu huɗu ne, kowanne da tayil da fanka da lasifika, ana idar da sallah a sa kwaɗo. Masu kuɗin da suka gina su ba wanda ya ɗauki albashin malami ɗaya. Yawanmu ba uzuri ba ne, ai kowane layi shi ma 'yar ƙaramar al'umma ce, mutanen da ke sahu ɗaya sun san 'ya'yan juna.

Malam Habu Zariya: Wannan kam ba sai mun aro daga kowa ba. Masallacin Annabi yana da Suffa, Azhar da Ƙarawiyyin ta Fas da Zaituna duk masallatai ne kafin su zama jami'o'i. Namu ne muka saki.

Ɗan Damagaram: Wannan ɓangaren na yarda da shi, don a Zinder ma haka abin yake. Amma har yanzu ina nan a kan bakana cewa in za a koya wa yara wannan, a haɗa da Nakba ta 1948, wato korar Falasɗinawa daga gidajensu, da abin da ake yi a Masallacin Ƙudus, kada a nuna musu fuska ɗaya. Sadiku, su Musulmin tsibirin yaya suke zaune da su, tsakani da Allah?

Sadiku daga Safakis: Tsakani da Allah, akwai zaman lafiya kuma akwai tsoro. Musulmin Jarba, Malikawa da Ibadawa, suna ciniki da su, suna maƙwabtaka, yanzu ma akwai gidajen Musulmi a cikin Hara Kabira. Amma 'yan sanda na gadin mashigar unguwar dare da rana. Babbar majami'arsu, Algariba, tana ɗaya ƙauyen, Hara Sagira, wanda yanzu ake kira Riyad. Su suna cewa limaman da suka gudo bayan rushe Haikalin Annabi Sulaimanu a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne suka kafa ta, har da dutse daga can. Wannan ruwayarsu ce ta baka, ginin da ke tsaye yanzu na ƙarshen ƙarni na 19 ne. Sai ka cire takalmi ka rufe kai kafin ka shiga ɗakin ciki. Kowace shekara, kwana 33 bayan fara idin Ƙetarewa, wato idin tunawa da fitarsu daga Masar, ana yin ziyara, mutane su zo daga Faransa da sauran ƙasashe, mata su rubuta buƙatunsu a jikin ƙwai su ajiye a wani ɗan kogo da ke cikin ginin.

An kai wa wurin hari a 1985. A ranar 11 ga Afrilun 2002 aka tayar da motar gas a bakin ginin, mutum kusan ashirin suka mutu, mafi yawansu Jamusawa 'yan yawon buɗe ido, Alƙa'ida ta ɗauki alhaki. A watan Mayun 2023 wani jami'in tsaro ya buɗe wuta lokacin ziyara ya kashe mutum biyar, biyu masu ziyara, uku abokan aikinsa da suka tare shi ko suke bakin aiki. A shekarar dai hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya, da masallatansa da majami'unsa. Bayan fara yaƙin Gaza an taƙaita bikin ziyarar ƙwarai.

Ɗan Damagaram: Kashe mai ibada a wurin ibadarsa ba jihadi ba ne, ko a Jarba ko a Gaza. Wannan ban da ja a kai.

Alaramma na Tudun Wada: Madalla da kai. Sadiku, wata tambaya ta ɗalibta. Mu in allo ya tsufa ko takardar Alƙur'ani ta yage mun san yadda muke yi da su. Su littattafan yaran nan da fatun da suka lalace, ina suke kai su?

Sadiku daga Safakis: Allah ya gafarta Malam, ba sa yar da duk abin da ke ɗauke da sunan Allah. Akwai ma'ajiya ta musamman a majami'a da ake tara su, in sun yi yawa a kai maƙabarta a binne. A tsohuwar Alƙahira, a majami'ar Bin Ezra da ke Fusɗaɗ, an yi ta zuba takardu a irin wannan ɗaki kusan shekara dubu ba a kwashe ba. A 1896 zuwa 1897 wani malamin jami'ar Kambirij, Solomon Shekta, ya kwashe gutsattsari kusan dubu 193 zuwa Ingila. A ciki har da takardun da yara suka yi koyon baƙaƙe a kansu, da wasiƙun iyaye kan kuɗin malami, da takardun aure da na bashi. Mafi yawan wasiƙun da Larabci aka yi su amma da baƙaƙen Ibrananci, yadda mu muke rubuta Hausa da ajami. Haka Musa ɗan Maimun, malaminsu na Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta da yawa daga littattafansa, an ma sami rubutun hannunsa a cikin tarin.

Malam Habu Zariya: A cikin wasiƙun fataken da ke tarin nan akwai masu ambaton ayarin Sijilmasa, garin da zinariyar ƙasashenmu ke bi ta cikinsa zuwa arewa. Malama, in kin zo darasin cinikin hamada ki tuna da wannan, zan turo miki abin da nake da shi ta akwatin saƙo.

Ummu Hanifa: Ina jira, Malam. Darasin yana zango na biyu.